Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a kan sikeli: me take tsinana wa wanda aka nuna wa wariya a wurin aiki?

Ma'aikaciyar da aka sallama don ta sami juna biyu, da ma'aikacin da aka danne wa ƙarin girma saboda addininsa ko asalin jiharsa ko wata lalura ta jiki, galibi ɗayan abu biyu suke yi: su bar wa Allah, ko su nemi wani babba ya sa baki. Kaɗan ne suka san cewa akwai kotu guda da aka ware wa irin wannan ƙorafi, kuma ita kaɗai ke da hurumin sauraronsa a matakin farko. Ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda za ka ga an rubuta National Industrial Court of Nigeria a allon ƙofarta. Abin da muka ɗora a sikeli a nan shi ne hidimar da take yi wa ma'aikaci shi kaɗai, ba rigimar ƙungiyoyin ƙwadago da gwamnati ba, wadda ake jin sunan kotun a kanta duk lokacin da aka shiga yajin aiki.

Hukuncinmu tun daga farko: a duk ƙofofin da ma'aikaci zai iya ƙwanƙwasawa a Najeriya, babu wadda ta kai wannan ƙarfi. Dokar da take aiki da ita ta fi yadda mutane ke zato tausaya wa ma'aikaci. Matsalarta tana wajen lokaci, da nisa, da karɓo kuɗi bayan an yi nasara. Kuma kamar injin niƙa take: abin da ka zuba mata shi za ta niƙa maka. Wanda ya zo hannu rabbana, babu takarda babu shaida, zai koma yana cewa babu adalci, alhali tun a gida ya faɗi shari'ar.

Inda ƙarfinta ya fito

An kafa kotun a ƙarƙashin dokar rigingimun ƙwadago ta 1976, ta fara zama a 1978, amma ta daɗe tana fama da manyan kotunan jihohi da na tarayya a kan wa ke da hurumin me. Dokar 2006 ta ɗaga darajarta, sai gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki, wanda ya fara aiki a 2011, ya raba gardama. Sashe na 254C ya damƙa mata duk wata shari'a da ta shafi aiki da ma'aikata, ya kuma ambaci wariya da cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki ƙarara. Abu mafi muhimmanci, ya ba ta ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su, ko da Majalisar Tarayya ba ta mayar da su dokar gida ba, da kuma abin da ake kira kyakkyawan tsarin aiki na duniya.

Wannan ikon shi ne ya cike giɓin da ke cikin dokokinmu. Najeriya ba ta da wata doka guda da ta tattara haramcin wariya a wurin aiki. Sashe na 42 na Kundin ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini, ra'ayin siyasa ko yanayin haihuwa, amma da ka karanta lafazinsa za ka ga ya fi fuskantar doka da aikin gwamnati. Sashe na 17 ya yi maganar aiki ɗaya albashi ɗaya, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai ƙara a kansa kai tsaye. Dokar Ƙwadago kuwa tsohuwa ce, tun ta farkon shekarun 1970, kuma sashenta na 91 ya fitar da manajoji da ƙwararru da masu aikin gudanarwa daga ma'anar ma'aikaci. Abin da alƙalan wannan kotu suke yi shi ne su haɗa sashe na 42 da yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan hana wariya a wurin aiki, wadda Najeriya ta amince da ita a 2002, da mai lamba 100 kan daidaiton albashi, su hukunta kamfani mai zaman kansa da su. A 2022 Najeriya ta ƙara amincewa da mai lamba 190 kan cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki.

Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A 2011 kotun ta ba wata mata albashin shekara guda cur bayan wata ƙungiyar agaji ta sallame ta jim kaɗan da sanar da cewa tana da ciki. A Disamban 2013, a shari'ar da wata ma'aikaciya ta yi da Microsoft Nigeria, reshen Legas ya gamsu cewa shugabanta ya riƙa matsa mata da neman lalata kuma an kore ta ne don ta ƙi, ya ɗora diyyar naira miliyan 13 da ɗoriya a kan kowane ɗaya daga cikin uku na waɗanda ta yi ƙara, har da kamfanin da kansa, saboda bai ɗauki matakin kare ta ba. A Janairun 2023 reshen Akure ya soke ƙa'ida ta 127 ta 'yan sanda, wadda ta ce a kori 'yar sandar da ta yi ciki ba ta da aure, ya ba matar da abin ya shafa naira miliyan 5. Hujjar alƙalin mai sauƙi ce: ɗan sanda namiji da ya yi wa wata ciki ba a korarsa.

Ƙofarta ta fi ta Dokar Ƙwadago faɗi. Dokar kotun ta 2006 ta ɗauki ma'aikaci a matsayin duk wanda aka ɗauka aiki, da baki ne ko a rubuce, na dindindin ko na wucin gadi, har da mai aikin gida in dai ba ɗan uwan maigidan ba ne. Maigadi ɗan Nijar da ke aiki a Kano ko Kaduna shi ma yana iya shigar da ƙara. Sashe na 42 ɗan ƙasa kawai ya ambata, amma Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam, wadda ta zama dokar gida a Najeriya, ta ce kowane mutum na da haƙƙin aiki cikin yanayi na adalci da biya daidai da aikinsa.

Akwai kuma dokoki biyu na musamman da ake jingina da su. Dokar hana wariya ga masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ta 2014 ta haramta a mayar da gwajin cutar sharaɗin ɗaukar aiki ko ci gaba da shi. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, ta kuma ce hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu su kasance masu lalura. Wannan kashi 5 ɗin, a gaskiya, ya fi zama ado a takarda.

Abin da ake shiga da shi

A nan ne mafi yawan shari'u ke mutuwa, shi ya sa za mu ɗan daɗe.

Kotun tana aiki da ƙa'idojinta na 2017, kuma tsarinta shi ne ka zube duk kayanka tun ranar farko. Ana shigar da takardar ƙorafi, tare da bayanin abin da ya faru sakin layi bayan sakin layi, da jerin shaidu, da rubutaccen bayanin kowane shaida a kan rantsuwa, da jerin takardu, da kwafin kowace takarda. Ba a zuwa gaban alƙali a ba da labari daga ka. Ranar shari'a shaida zai amince ne kawai cewa bayanin da ke takarda nasa ne, daga nan lauyan ɗaya ɓangaren ya hau shi da tambayoyi. Abin da ba ka rubuta ba, ko gaskiya ne tsagwaronta, ba zai shiga ba. Bayan an kai sammaci, wanda ake ƙara na da kwana 14 ya mayar da martani, kodayake kamfanoni sun saba makara su nemi ƙarin lokaci, kuma akan ba su.

Takardun da ba a wasa da su: takardar ɗaukar aiki, takardar tabbatarwa in akwai, littafin ƙa'idojin ma'aikata, takardun albashi ko bayanan asusun banki na aƙalla wata shida na ƙarshe, duk wata takardar tuhuma da amsar da aka bayar, da takardar sallama. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba da rubutattun sharuɗɗa cikin wata uku da fara aiki. Makarantu masu zaman kansu da gidajen mai da asibitocin kuɗi da yawa ba sa bayarwa. In haka ne, ba shi ke nan ba: saƙon banki da ke shigowa duk ƙarshen wata daga asusun kamfani, katin shaida, jadawalin aiki mai sunanka, duk suna tabbatar da cewa akwai aiki tsakaninku. Wanda ake biya kuɗi a hannu, ba sa hannu ba rasit, shi ne ke cikin tsaka mai wuya.

Ga wariya kuwa, doka ta 14 a cikin ƙa'idojin ta buƙaci mai ƙara ya fayyace a kan me aka nuna masa bambanci: jinsi, addini, ƙabila, aure, ciki, lafiya, naƙasa, shiga ƙungiyar ƙwadago ko wani dalilin. Mai ƙorafin neman lalata sai ta bayyana ko taɓa jiki ne, ko kalamai, ko ishara da hotuna, ko irin na "ba ni in ba ki", wato a ɗaura ƙarin girma ko tsira da aiki a kan amincewa. Cewa "ba sa son mu" ba hujja ba ce. Babu manajan da zai rubuta "mun kore ki saboda ciki" a takardar sallama, abin da za a gani shi ne "ba ma buƙatar aikinki yanzu." Saboda haka abu biyu ke ɗaukar shari'ar. Na farko jerin kwanaki: a ce ta miƙa takardar likita ranar 3 ga wata, ranar 10 aka ba ta takardar tuhuma ta farko a shekara huɗu da ta yi tana aiki, ranar 20 aka sallame ta, alhali takardar auna ƙwazonta ta bara yabo ce daga sama har ƙasa. Na biyu kwatanci: wa aka yi wa daban a yanayi iri ɗaya? Wanda kuka shiga aiki rana ɗaya, takardunku ɗaya, aka ɗaga shi sau biyu aka bar ka, sunansa da muƙaminsa da shekarar ƙarin girmansa su ne naman ƙarar.

Saƙonnin WhatsApp da imel da muryar da aka naɗa suna shiga, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro su da cewa lafiyarta ƙalau lokacin. Dokar kotun ta ba alƙali damar sassauta dokar shaida don adalci, kuma sukan yi, amma kada a dogara da wannan. A ɗauki hoton hira yadda lambar waya da kwanan wata za su fito, kada a yanke gefe, kada a goge saƙon asali, kada a sayar da wayar. A kuma tuna cewa imel ɗin ofis ana rufe shi ne a ranar da aka ba da takardar sallama, wani lokaci kafin ma a bayar. Wanda ya ji iska ta fara sauyawa ya adana kwafin abin da ya shafe shi tun da wuri. Abin da ya shafe shi kawai: kwashe bayanan abokan cinikin kamfani laifi ne da zai juyo da shari'ar kansa.

Akwai wani tarko da ya fi kama mutanenmu. Harshen kotun Turanci ne. Ana samun tafinta a zaure, amma rubutaccen bayanin rantsuwa na wanda ba ya karanta Turanci dole ya ɗauki shaidar cewa an karanta masa, an fassara masa da Hausa, ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala, tare da sunan tafintan da sa hannunsa. In babu wannan, lauyan kamfani tambaya ɗaya zai yi: "Karanta mana sakin layi na biyar." Shaida ya yi shiru, darajar bayanin ta zube.

Sai sunan wanda ake ƙara. Sunan da ke jikin allon makaranta ko shago ba lallai ne shi ke rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba. A bincika kafin a rubuta. Waɗanda aka ɗauka ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata, kamar yawancin masu karɓar kuɗi a bankuna da masu gadi da direbobi, su haɗa duka biyun a ƙara, dillalin da wanda suke yi wa aiki. Kotun tana duban wanda ke ba da umarni a zahiri, kuma takan ɗauki su biyun a matsayin iyayen gida tare idan hujja ta nuna haka.

Kurakurai uku kafin a iso kotu

Na farko, takardar ajiye aiki. "Rubuta da kanka don kada a ɓata maka suna" magana ce da ake yi wa mutum a ofishin kula da ma'aikata, da murmushi. Kotun ta san da korar da ake yi ta bayan fage, inda ake ƙuntata wa mutum har ya tafi da ƙafarsa, kuma tana ɗaukarta kora. Amma in ka rubuta "ina godiya da damar da aka ba ni, na sami wani uzuri," ka wanke su da hannunka. In ba makawa sai an rubuta, a faɗi a ciki cewa umarni aka bayar ko matsi ne ya sa, a ambaci ranar da wanda ya faɗa.

Na biyu, karɓar kuɗin sallama tare da sa hannu kan cewa babu sauran haƙƙi. Wanda ya karɓi kuɗin notis, wato kuɗin da ake biya a madadin sanarwar sallama, bai ce uffan ba, yakan sha wahalar dawowa ya ce sallamar ba ta halatta ba. In kuɗin ya faɗo asusu kai tsaye, a rubuta wasiƙa cikin 'yan kwanaki cewa an ga kuɗi amma ba a yarda da sallamar ba, a kai ofis a sa su buga hatimin karɓa a kwafinka.

Na uku, jinkiri, kuma wannan ya fi cin ma'aikatan gwamnati. Dokar kare jami'an gwamnati ta ce ƙarar da ake yi wa jami'i ko hukuma a kan aikinta a shigar da ita cikin wata 3. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce wannan bai shafi yarjejeniyar aiki ba, amma daga baya an sami hukunce-hukuncen da suka koma wa tsohuwar fahimta. Shawara ɗaya ce mai aminci: a ɗauka wata ukun na nan daram. Rubuta takardun roƙo zuwa ga babban sakatare ko kwamishina ba ya tsayar da agogo, kuma da yawa a nan suke ƙone lokacinsu suna jiran amsa. Ƙari a kan haka, hukumomi da dama dokar da ta kafa su ta ce a ba su sanarwar niyyar ƙara, galibi ta wata guda, kafin a je kotu. Wato a cikin wata ukun, ɗaya ya riga ya tafi. Ga kamfani mai zaman kansa wa'adin ya fi tsawo, shekara 6 a jihohi da yawa, 5 a wasu.

Me ake samu a ƙarshe?

Ya danganta da irin aikin. Ma'aikacin da doka ce ta tsara aikinsa, kamar na gwamnati da aka tabbatar ko malamin jami'ar gwamnati, in an kore shi ba bisa ƙa'ida ba ana mayar da shi bakin aiki a biya shi duk albashin da ya wuce. Ma'aikacin kamfani kuwa da wuya a mayar da shi. Kotu ba ta cusa wa maigida yaron da ba ya so. Kuɗi ake ba shi.

Nawa? A tsohon tsari, kuɗin notis kawai. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce kwana 1 ga wanda bai wuce wata uku ba, mako 1 har zuwa shekara biyu, mako 2 daga shekara biyu zuwa biyar, wata 1 daga shekara biyar zuwa sama. A ce malamar makaranta mai albashin naira 120,000 ta yi shekara uku: abin da tsohon tsari zai ba ta bai wuce naira 60,000 ba, kuɗin da ko lauya ba zai ɗauka ba. Wannan kotu ce ta karya wannan al'ada. Tun wajen 2015 alƙalanta suka fara cewa sallama babu dalili ta saɓa wa kyakkyawan tsarin aiki na duniya, kuma a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin da ya ba wata ma'aikaciyar kamfanin Sahara Energy albashin shekara biyu. Da ma'aunin shekara guda, malamar nan za ta tashi da naira 1,440,000. Sai dai kada kowa ya sa wannan a aljihu tun kafin hukunci. Babu jadawalin diyya, alƙali da alƙali sun bambanta, kuma manyan kotuna ba su gama daidaita bakinsu a kan sallama babu dalili ba. Inda aka tabbatar da wariya ko neman lalata ne diyyar ta fi tsayawa da ƙafarta.

Haƙƙoƙin da ake bi bashi, irin su ragowar albashi, alawus, giratuti, kuɗin hutu da fanshon da aka cire ba a zuba ba, kotun tana da tsauri a kansu ƙwarai. Sai ka nuna takardar da ta ba ka haƙƙin, ka kuma nuna lissafin yadda ka kai ga adadin. Rubuta "naira miliyan 4 kuɗin giratuti" ba tare da shafin littafin ma'aikata da ya tsara giratutin ba, asara ce. Fansho ya fi sauƙi: dokar 2014 ta ce kashi 10 daga maigida, 8 daga ma'aikaci, kuma bayanin asusu daga kamfanin fansho zai nuna watannin da ba a zuba ba. Hutun haihuwa ma haka: sashe na 54 ya ba da mako 6 kafin haihuwa da 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta kai wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun.

Inda hidimar ta gaza

Lokaci. Kundin ya ce a yanke hukunci cikin kwana 90 bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, kuma alƙalan kotun suna ƙoƙarin kiyayewa. Kafin a kai nan ɗin ne aiki. Ɗage zama saboda lauyan kamfani bai zo ba, ƙorafin hurumi da ake jefowa don a ja lokaci, sauya wa alƙali wurin aiki wanda kan sa a fara sauraro daga farko: shekara ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne. Duk da haka ta fi manyan kotunan jihohi sauri nesa ba kusa ba. Akwai hanyoyi biyu na gajarta tafiya da ba a cika amfani da su ba. Ɓangarorin na iya yarda a yi hukunci a kan takardu kawai, ba tare da kiran shaidu ba, wanda ya dace da ƙarar bashin albashi amma bai dace da ta neman lalata ba, inda alƙali ke buƙatar ganin fuska. Akwai kuma cibiyar sulhu ta kotun, wadda aka kafa a 2015. Alƙali ne ke tura shari'a can, ana ba masu sulhu kwanakin aiki 21, kuma abin da aka amince a kai yana zama hukuncin kotu. Ga wanda haya da kuɗin makaranta suka sa a gaba, rabin haƙƙi a wata biyu yakan fi cikakken haƙƙi a shekara uku.

Ɗaukaka ƙara ta ƙara tsawaita zance. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 a wata shari'ar Skye Bank, kowane hukuncin wannan kotu ana iya kai shi Kotun Ɗaukaka Ƙara, wasu kai tsaye, wasu sai da izini. A can ake tsayawa, ba a wucewa Kotun Ƙoli, amma kamfani mai kuɗi yana iya riƙe ma'aikaci wasu shekarun a wannan matakin. Alƙalai sukan ba da kwana 30 a biya, bayan nan kuɗin ruwa na kashi 10 cikin ɗari a shekara ya fara hawa. A shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30, wanda ya ƙi biya riba yake ci.

Karɓo kuɗin kansa wata shari'ar ce. Hanya mafi inganci ita ce a nemi umarnin kotu a kan bankunan da wanda aka kayar ke ajiya, su riƙe kuɗin su miƙo. Da kamfani mai rai wannan na aiki sosai, musamman in ma'aikaci ya san bankin da albashinsa ke fitowa. Da gwamnati kuwa, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci yana neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, wato ka nemi izinin lauyan wanda ka kayar. Nan ne takardun nasara da yawa suke kwana a durowa.

Nisa ma matsala ce a Arewa. Akwai rassa a Abuja, Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato, Bauchi, Yola da wasu biranen, amma wasu jihohin ofishin karɓar takardu kawai suke da shi, zama sai a maƙwabciya. Kuɗin shigar da ƙara ba shi da yawa in an kwatanta da sauran kotuna. Kuɗin mota da na lauya ne ke karya mutum. Doka ba ta hana mutum tsaya wa kansa ba, amma da irin tsarin takardun da muka bayyana, ba mu ba da wannan shawara. Abin yabo: kotun tana wallafa hukunce-hukuncenta da jadawalin zamanta a shafinta na intanet kyauta, abin da kotuna da yawa a ƙasar nan ba sa yi, kuma ma'aikaci mai karatu zai iya duba yadda aka yanke irin tasa kafin ya kashe ko sisi.

Wa ya kamata ya je, wa ya kamata ya fara da wata ƙofar?

Wanda ke da takardu, da jerin kwanaki masu magana da kansu, da haƙƙin da ya kai albashin wata shida ko fiye, kuma wanda zai yi ƙara kamfani ne mai asusu a banki, ya je ba tare da ɗar-ɗar ba. Ma'aikacin gwamnati da aka kora ba a bi matakan ladabtarwa ba, shi ma nan ne gidansa, da sharaɗin ya yi sauri.

Mai bin albashin wata biyu a gidan burodi ko shagon magani ya fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharsa. Jami'an ƙwadago suna kiran maigida a zauna, kyauta ne, kuma wasiƙa mai tambarin gwamnati kaɗai takan sa ƙaramin ɗan kasuwa ya biya. Rauninsu shi ne ba su da ikon tilastawa in ya yi kunnen ƙashi. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ita ma kyauta ce, tana karɓar ƙorafi cikin wata 12 da faruwar abu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta fi dacewa da ƙorafin wariya tsantsa, kuma tun gyaran dokarta na 2010 ana iya yi wa hukuncinta rajista a babbar kotu a aiwatar da shi. Wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 tun Yulin 2024, yana iya neman lauya kyauta a Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Duk wanda ya bi ɗaya daga waɗannan ƙofofi ya riƙe kwafin ƙorafinsa mai hatimi da kwanan wata, domin zai zama hujja in an ƙare a kotu. Ma'aikacin gwamnati kuma ya lura cewa zaman da yake yi a waɗannan ofisoshi ba ya dakatar da wata ukun nan, don haka ya sa lauya ya aika sanarwar niyyar ƙara a makon da ya kai kokensa.